Hajiya Ladi Mai Man Gyaɗa, Wadda Ta Koya Mini Rage Mai

Ina tsaka da dama koko da safen nan waya ta shigo daga Bakori: Allah Ya yi wa Hajiya Ladi rasuwa bayan sallar asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yan layinmu a Funtua kun san ta. Maƙwabciyata ce mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kafin ta koma gida Bakori wurin 'ya'yanta.

Shekarar da likita ya ce wa maigidana jininsa ya hau, dole a rage maiƙo, rikicewa na yi. Ni da miya ba ta yi mini sai mai ya kwanta a sama! Na koma girki ba ko ɗigo. Malam ya ƙi ci. Kullum sai ya ce ya ƙoshi, ashe wurin mai tsire yake tsayawa.

Na kai wa Hajiya kukana. Ta yi dariya.

"Ke 'yar nan, mai ƙamshinsa ake so, ba wanka ba."

Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai fesawa da 'yarta ta kawo mata, ta cika ta da mai. Ta ɗora tanda, ta fesa wa kowane gurbi kaɗan, ta zuba ƙullun waina. Wallahi ko ɗaya ba ta kama ba.

Na ce, "Hajiya, ke da ke sayar da mai, ke ce za ki koya mini rage shi?"

Ta ce, "Gara ki yi shekara ashirin kina sayen kwalba, da ki sayi galan ki shiga takaba."

Ta bar mini kwalbar kyauta.

Ƙwai, dankali, kifi, duk haka nake yi har yau. Malam ya dawo cin abincin gida, tumbi ya sauka, gona ma da ƙafa yake zuwa.

Rabona da ita watan jiya, wurin sunan jikarta. Ta dubi Malam ta ce, "A'a, wannan saurayin fa daga ina?" Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ni kam alhamdulillahi. Na ga jikoki, babu abin da Allah bai yi mini ba."

Shi ya sa ko da hawaye ya zo, zuciyata a kwance take.

Allah Ya jiƙan Hajiya Ladi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.