Babur Ɗin Da Aka Hana Baba Noti Buɗewa

Jawo kujerar nan ka zauna. Ke ma matso, ki ajiye wayar nan tukuna, ba gudu za ta yi ba. Labarin wani dattijo zan ba ku, mai gyaran keken ɗinki, wanda duk telolin garinsu suke kira Baba Noti.

Aljihunsa ne ya jawo masa sunan. In matarsa za ta wanke masa riga, sai ta fara zazzage ta a kan faranti, noti da guntayen waya da karyayyun allurai su zubo kamar tsakuwa. Ta sha ce masa, "Malam, wata rana maganaɗisu zai ɗauke ka a hanya, mu neme ka mu rasa." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya tsince kayansa.

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Agogon mahaifinsa ya buɗe, ya sha duka. Rediyon maƙwabci ya buɗe, ya sha wani dukan. Da ya girma sai ƙaiƙayin hannun ya zama sana'a. Bai taɓa kama shago ba. Shagonsa wani akwatin ƙarfe ne da yake ɗaure a bayan babur. Tela ya kira ya ce keke na tsinka zare ko yana tsallake ɗinki, Baba Noti zai ce, "Ina nan tafe kafin azahar." To, kafin azahar ɗin za ka ji ƙugin babur ɗinsa a ƙofa.

Jarinsa ke nan, maganarsa. Akwai samari masu zafin nama a sana'ar, akwai waɗanda suka fi shi sauƙi, amma tela da aiki ya taru masa a ka ya san wa zai kira. Har tsokanar telolin yake yi. "Ku da kuka mai da 'dawo gobe' abincinku, ku ne ba ku son a ce muku gobe!"

Tsohon babur ɗinsa kuwa sun san juna kamar miji da mata. In ya mutu a hanya, sai Baba ya sauka ya cire filogi, ya goge da gefen riga, ya hura kafireto, ya buga kik, su ci gaba. Sai dai kik ɗin nan ya cinye masa gwiwar dama. Wata safiya ya buga, ƙarfen ya dawo ya doke shi, ya kwanta yana jinya har teloli suka riƙa zuwa dubiya.

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce, Uwata yake ce mata. Ita ta duba gwiwar. Bayan 'yan watanni sai ga ta da sabon babur a bayan mota, baƙi wuluk, yana sheƙi. Ba kik, ba ramin makulli. Wani ɗan abu kamar kwalin ashana za ka jefa a aljihu, ka danna maɓalli, injin ya tashi shiru kamar numfashin jariri. A gaba akwai allo irin na waya, har gaisuwa yake rubutowa.

Baba Noti ya zagaya shi, ya durƙusa, hannunsa ya tafi aljihu da kansa.

"Baba!" in ji ta. "Na gan ka."

"Dubawa kawai nake yi, Uwata."

Ta ɗaga kujerar babur ɗin, ta nuna masa wani murfi da aka ɗaure da noti, kowane noti an ɗiga masa jan fenti. "Kamfanin sun ce in fentin nan ya fashe, garanti ya tashi. Duk abin da ya samu babur ɗin, wurinsu za ka kai. Ka yi mini alkawari ba za ka sa masa sifana ba."

Matarsa daga bakin ƙofa ta ce, "Ki ce kaza ta yi miki alkawarin ba za ta yi tono ba."

Suka yi dariya. Amma ya yi alkawarin, ya kuwa yi shi da zuciya ɗaya. Tsohon babur ya ba wani ɗan ƙanensa da ke noman lambu.

Makonnin farko kam sai son barka. Gwiwa ta huta, baya ya huta. Sannan aka yi wani yayyafi da ko ƙura bai kwantar ba, sai wata jar fitila ta kama a allon, babur ya ƙi wuce gudun mai keke. Da rana ta fito sai fitilar ta mutu don kanta. Wata rana ya tsaya gaisawa da wani, ya danna maɓalli, shiru. Allon ya rubuto cewa bai ga makulli ba, alhali makullin na aljihunsa. Ya ciro shi, ya nuna wa allon ido da ido. Shiru. Sai da ya gaji ya zauna a bakin kwata, babur ɗin ya ga dama ya tashi.

Wani tela da ake ce wa Dogo, abokin wasansa na shekaru, shi ya raɗa masa suna. "Baba, ai wannan Gimbiya ce. Ba ta son ruwa, ba ta son rana, ba ta son a yi mata magana da safe. Ka gaishe ta kuwa yau?"

"Gaishe ta? Har haƙuri na ba ta."

Ya kai ta kamfani. Wuri ne mai gilashi da sanyi, da wani benci a gefe inda masu irin babur ɗinsa suke jere kamar layin asibiti. Wani malamin makaranta ya ce nasa a tsakiyar mararraba yake ɗaukewa. Wani mai rarraba magani ya ce nasa batir yake shanyewa ko a tsaye. Injiniyan wurin mutum ne mai ladabi. Ya jona kwamfuta a jikin Gimbiya, ya latsa, ya latsa, ya ce an gyara.

"Me ya lalace, ɗana?"

"Ba abin da ya lalace, Baba. Ta ɗan rikice ne, na goge mata."

"Kamar yadda ake goge allo?"

"Kusan haka."

Ko hannunsa bai yi baƙi ba. Baba Noti ya koma gida yana jinjina gyaran da ba a kwance komai ba. Bayan kwana kaɗan fitilar ta dawo. Da ya koma, aka ce wani ɓangare ne za a canja, an yi odarsa daga waje, yana hanya. A bayan ginin ya hango 'yan'uwan Gimbiya a jere ƙarƙashin rumfa, ƙura ta rufe su, duk suna jiran abin da ke hanya.

Abin da ya fi ci masa rai ba turin babur ba ne. Yanzu in ya ce azahar, sai la'asar. In ya ce yau, wani lokaci sai gobe. Ranar da Dogo ya ce masa, "Barka da shigowa ƙungiyarmu ta 'dawo gobe'," ya yi dariya tare da kowa, amma da ya koma gida ko shayi bai iya sha ba. In 'yarsa ta kira ta ce yaya babur, sai ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi miki albarka." Ya san yadda ta matse bakin aljihunta kafin ta saya.

To, akwai wata mata a can bayan gari, Uwar Zare ake ce mata, tana da ɗakin ɗinki da mata uku a ƙarƙashinta. Ta karɓi aikin kayan wata makaranta, ana saura kwana uku a koma karatu babban kekenta ya tsaya, wanda shi kaɗai ke iya cin yadin wando mai kauri. Baba Noti ya kwance kan keken, ya ɗaura a bayan Gimbiya ya kai gida, don gyaran ba na tsaye ba ne.

"Da hantsi zan kawo miki," in ji shi.

Ta ce, "Baba, ka tabbata? Don akwai wani mai ba da hayar keke, in ba zai yiwu ba in kira shi tun yanzu."

"'Yata, kin taɓa jin na ce zan zo ban zo ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Da can dai a'a."

Maganar nan ta soke shi, amma ya haɗiye. Ya gyara kan keken tsaf, har ya gwada shi da ninkin yadi huɗu. Da safe ya ɗaure shi da igiyar roba, ya danna maɓalli, Gimbiya ta tashi lafiya kamar ba ita ba. Ya wuce kasuwa, ya wuce gidan mai na ƙarshe, ya shiga doguwar hanyar da babu komai gefe da gefe sai gonaki. Nan allon ya yi fari, ya yi ja, ya ɗauke.

Ya danna. Ya jira. Ya sake dannawa. Ya kira kamfani, aka ce yau Asabar, injiniya ya tashi, ya kawo ta Litinin. Kan keken nan zallan ƙarfe ne, mai lafiyayyar gwiwa ma ba zai yi nisa da shi a ka ba. Motocin da ke wucewa jefi-jefi ne, kuma a cike. Rana ta hau. Wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, mutanen makaranta sun sake kira. Kana ina?"

"Ina hanya. Ga ni nan."

Ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa, yana kallon kujerar babur. Shekara arba'in duk injin da ya tsaya masa, in ya buɗe shi sai ya gaya masa ciwonsa. Watakila wata waya ce ta saki. Watakila ɗan datti ne da numfashi ɗaya zai kore. Can kuma ga mata huɗu zaune, hannu a haɓa, sun dogara da bakinsa. Nan kuma ga jan fenti, ga muryar Uwata.

Ya tashi ya buɗe akwatin, ya ɗauko sifana, ya ɗaga kujerar babur ɗin. Notin farko ya yi ƙara ƙas, fentin ya tsage. Da ya ɗaga murfin sai ya ga wani baƙin akwati ƙarami, an zuba masa roba ta daskare ko'ina, ba noti, ba tsaga, sai damin wayoyi da suka shige ciki. Ya taɓa wayoyin, kowace a ɗaure. Ya kara kunne, ba abin da ya ji. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sifana kamar mai sallama a gidan da ba kowa. Sannan ya mai da murfin.

Sai bayan la'asar wani mai motar buhuna ya tausaya, suka ɗora shi da Gimbiya da kan keken a baya. Da ya isa, tun daga waje ya ji kukan keke. Na haya ne, an riga an kawo. Uwar Zare ta fito da sauri ta karɓe shi, ta ba shi kujera, ta kawo ruwa.

"Ba komai, Baba, wallahi ba komai. Ka sha wahala."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ranar Litinin injiniya ya ɗaga kujera, ya ga fentin, ya dafe kai. "Haba Baba, me ya kai ka? Wallahi na san akwatin nan ne, irin na sauran. Ba kai ka lalata shi ba. Amma sai na ɗauki hoto na tura musu, in suka ga wannan ba za su saurare ni ba."

"Yi aikinka, ɗana. Ni na buɗe."

Bai jira 'yarsa ta gano da kanta ba. Da ta zo ranar hutunta, ko mayafi ba ta ajiye ba ya kira ta tsakar gida inda Gimbiya take jingine. Ya ɗaga kujerar, ya nuna mata. Ya gaya mata komai, tun daga yayyafin farko.

Ta daɗe tana kallon notin. "Duk lokacin nan kana ce mini lafiya lau?"

"Kyautarki ce, Uwata."

"To, me ka gani a ciki?"

"Ba abin da ya san ni a ciki."

Ta zauna a kan turmi, ta share ido da gefen mayafi. Ba maganar garanti ta yi ba. Cewa ta yi tun da ya fara ba da labarin, shi take hange a bakin hanyar nan, cikin rana, da gwiwarsa, shi kaɗai.

"Baba, babur ɗin ya tafi can. Yawon ne ya ishe ni. Mu gyara ɗakin ƙofar gida, mu sa tebur da fitila. Mai son gyara ya ɗauko kekensa ya kawo. Ka yi mini alkawari ka daina bin hanya."



Baba Noti ya dubi Gimbiya. Ya san tela ba ya ɗaukar keke ya ratsa gari, wanda ya zo ƙofarsa shi yake kira. Ya san kuma in ya ce to, ya faɗa ke nan, don ba zai iya karya wa yarinyar nan magana sau biyu ba.

"Ki ba ni lokaci," in ji shi.

Har yau bai ba ta amsa ba, ita kuma duk zuwa sai ta tambaya. To, kai da ka zauna ka saurara, in Baba Noti ya zo neman shawararka, ce masa za ka yi ya yi alkawarin, ko ya nemi wani abin hawan ya koma hanya?