Ranar da Maigidana Ya Tsaya a Bayan Amininsa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta laluben su, amma ranar zaɓen farko da aka yi a garinmu ba za ta taɓa fita daga raina ba. A ƙarshen zamanin Turawa ne, lokacin da aka ce kowane gari ya fitar da mutum ɗaya da zai zauna masa a majalisar gunduma. Garinmu ɗan ƙarami ne a bakin kogi, gabas da Haɗeja. Unguwa biyu gare mu: ta tudu inda kasuwa take, da tamu ta masunta a gangare, wadda ruwa yake leƙowa kowace damina kamar mai bin bashin gaisuwa.

Maigidana shi ne jagoran su, wato kamun kifi, a unguwarmu. Idan ruwa ya ja baya aka fita kamun kifi na gayya a fadama, ba wanda yake tsoma ƙafa sai ya tsoma. A cikin ruwa kuwa ba a magana, don hayaniya tana korar kifi. Inda ya juya da goransa da komarsa ta kamun kifi, nan kowa zai juya, ba tambaya. Haka suka tashi tun suna samari, haka iyayensu suka yi da mahaifinsa. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya faru daga baya.

Mutanen unguwa su suka matsa masa ya tsaya takara. Buƙatarsu ɗaya ce tak, a yi mana jinga, wato tudun ƙasa da zai tare kogi daga gidajenmu. An ce hukumar En'e za ta yi wa kowane gari aiki ɗaya, kuma bakin wakili ake ji. Mutanen tudu su rumfunan kasuwa suke so, suka tsayar da nasu. Wa suka tsayar? Aminin maigidana, mai sayen gyaɗa, wanda shi ne babban abokinsa ranar aurenmu. Har muka haifi 'ya'ya bai daina ce masa ango ba, ni kuma amarya. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa a tudu yake kwana.

Tun da aka fara maganar na ga maigidana ya rame. Ba tsoron faɗuwa yake yi ba, mun fi su yawa nesa ba kusa ba. Kunya ce take cin sa. A wajensa, mutum ya fito gaban jama'a ya ce ni na fi wane cancanta, wannan rashin tarbiyya ne, balle wanen nan amininka ne da kuke cin tuwo a akushi ɗaya. Da safen zaɓe ina ɗora masa kifin da zai karya, ya ce, "Ni fa abin nan ya yi mini nauyi. Da wane ido zan dube shi gobe?"

Na ce, "Malam, da idon da kake duban ruwa idan ya shigo mana ɗaki. Ka je ka tsaya kawai, ba kokawa aka ce ku yi ba."

Ya yi murmushi ya ce bakina ya fi wuƙar fiɗar kifi kaifi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya fita.

A wancan zamani mata ba sa zaɓe, amma mu matan masunta ba a kulle mu, don haka na ɗauki faifan soyayyen kifi na zauna gindin tsamiyar bakin kasuwa, wai ina talla. Ko kifi ɗaya ban sayar ba, idona yana fili. Malamin En'e da aka turo daga Haɗeja ya yi bayani: 'yan takara za su tsaya su fuskanci gabas, su ba jama'a baya, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, sannan a ƙirga kawuna. Wani Bature yana zaune a inuwa yana fifita da hularsa.

Aka tsayar da su biyun. Nan da nan layin maigidana ya miƙe har ya wuce rumfar mahauta, na amininsa kuwa bai kai rabinsa ba. Zuciyata ta yi fari. Har na fara tunanin inda zan sake gina murhun bandata idan an gama jinga.

Sai na ga maigidana ya waiwaya. Ya dubi layinsa, ya dubi na amininsa, ya sunkuyar da kai. Na san wannan sunkuyon. Daga baya ya gaya mini abin da ya raya a ransa: tun da dai nasara ta tabbata, bari ya yi wa amininsa kara, ya ba shi nasa kai ɗaya, don kada a ce ya zaɓi kansa da kansa, kuma duniya ta shaida ba gaba a tsakaninsu. Ya taka a hankali, bai ce wa kowa komai ba, ya je ya tsaya a ƙarshen layin amininsa.

Abin da bai tuna ba shi ne su wane ne a bayansa. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna bin juyawarsa ba tare da an yi musu magana ba. Na farkon layi ya ga jagora ya juya, ya bi shi. Na biyu ya bi. Kafin ka ce kwabo layin nan gaba ɗaya ya karkata kamar yadda suke yi a fadama, shiru, ba mai tambayar wani. Kowa ya ɗauka manya sun daidaita a tsakaninsu, an yi wa mai gyaɗa alkawarin kujera, shi kuma ya yi alkawarin jinga. Wasu tsofaffi kaɗan ne suka rage a tsaye, suna waige-waige.

Na miƙe, faifan ya kife a ƙasa. Na so in yi kira, amma mace ta ɗaga murya a taron maza ta kira mijinta? Maigidana da ya ji motsi a bayansa ya juya, ya ga abin da ya faru, ya shiga ɗaga hannu yana cewa, "Ku koma, ku koma, ni kaɗai nake nufi." Amma malamin ya riga ya fara taɓa kafaɗu yana ƙirga. Ya ce, "Haba Malam, ba wasan yara muke yi ba. Inda mutum ya tsaya nan ya tsaya."

Shi kuwa aminin duk wannan bidiri bai gani ba, ya ba da baya kamar yadda aka ce. Da aka faɗi sakamako ya juyo ya ga masunta maƙil a bayansa, har da angonsa, sai hawaye. Ya rungume shi yana cewa, "Ango, wannan karamci da me zan biya ka?" Maigidana bai iya ce masa kuskure ne ba. Kunyar da ta kai shi layin, ita ta sake rufe masa baki.

A gida ban yi masa faɗa ba, duk da kaifin bakin nan nawa. Na ajiye masa abinci, ya zauna yana kallonsa har ya huce.

Aminin ya kai maganar jinga majalisa, ban zalunce shi ba, ya kai. Amma mutanen da suka tsayar da shi rumfuna suka aike shi nema, kuma da aka ce ya zaɓi ɗaya, ya zaɓi wadda ya fi sanin zafinta. Aka yi rumfuna masu rufin kwano, kyawawa. Aka ce jinga sai baɗi.

Kogi bai jira baɗi ba. Daminar nan ruwa ya zo da hantsi, muna ji muna gani ya haura gaɓa ya shigo unguwa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma ɗakuna sun narke, rumbuna sun tafi da gero, murhun bandata ko alamarsa ban sake gani ba. A ƙarƙashin sababbin rumfunan nan muka fake da 'ya'yanmu da tukwanenmu. Aminin ya yi ta jigilar hatsi daga gidansa yana raba mana, ba ya iya haɗa ido da kowa.

A nan ne wani dattijo cikin waɗanda suka rage a tsaye ranar zaɓe ya zo ya zauna kusa da maigidana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da kanka kaɗai ka bayar, da mun ce ka gaji ubanka wajen kara. Amma ranar nan kai ba kai kaɗai ba ne."

Unguwarmu ba ta sake haɗuwa ba. Wasu suka koma wajen Birniwa, wasu Jahun, wasu suka bi ruwa can gabas. Amincin mutanen biyu bai mutu ba, amma ya zama na gaisuwa a hanya, kuma ban sake jin an kira shi ango ba. Har yau idan na tuna, baƙin cikina shi ne ba mugu ko ɗaya a cikin labarin nan da zan ɗora wa laifi in huta.

Abin da na koya shi ne kara abu ne mai kyau, amma da naka ake yin ta. Idan mutane suka jeru a bayanka, ƙafarka ta daina zama taka kai kaɗai. Maigidana ya gane haka, sai dai ya gane a makare. Ya miƙa jagorancin su ga ƙaninsa, kuma har Allah ya karɓi ransa, ko a masallaci aka matsa masa ya shiga sahun gaba, sai ya girgiza kai ya koma baya, inda ba kowa a bayansa.