Ɗigo Uku

Shekarar da sojoji suka koma bariki, na haura shekara talatin ina jera baƙaƙen dalma da hannu a wata maɗaba'a a unguwar Mandawari. Boko dai aji uku na yi aka gaji da ni. A juye na iya karatu, yadda dalma take. In ka miƙo min jarida daidai, sai na ɗan yi gumi.

Taƙamata ɗaya ce. Malaman unguwa, musamman Barebari, in sun kawo waƙoƙin wa'azi a buga, ba sa yarda a rufe baiti da ayar Bature. Ɗigo uku suke so, biyu ƙasa ɗaya sama, irin na rubutun iyayensu. Babu shi a akwatunanmu. Ni na zauna da magagari na fitar da shi a jikin dalma.

Da siyasa ta kankama, fastocin 'yan takara suka yi yawa, Alhaji mai wurin ya sayo kwamfuta, ya ɗauko wata malama mai difloma. Aka sallami abokan aikina biyu. Ni aka bar ni saboda ɗigon: ita ta buga baitoci ta bar gurbi, ni in bi da tawada in dangwala.

Wata rana ta ce, "Baba, ɗigon nan naka ya fi na littattafan Masar kyau. Yaya kake auna shi?"

Ni da rabona da yabo tun ranar aurena. Na jawo benci. Kwana biyu ina zaune a gefenta ina ba da umarni kamar wani shehi: na saman ya ɗan karkata hagu, na ƙasan su matso. Da ya fito yadda nake so, ta koya wa kwamfutar cewa duk inda aka danna aya sau biyu, ta cire su ta saka nawa.

Da murna ta nuna wa Alhaji, ta ce aikin Baba ne. Ya daɗe yana kallo.

Ran Alhamis ya kira ni. "Malam, ƙafafun nan naka suna son hutu."

Na ce, "Alhaji, ni dai ba su kawo min ƙara ba."

Bai yi dariya ba. Ranar aka sallame ni.

Malamar ta zo har gida da lemo, ta kasa haɗa ido da ni. Na ce ta daina damuwa, ai ba ita ta jawo bencin ba.

Har yau in na ga ɗan littafin waƙa a kasuwar Kurmi sai na duba ƙarshen baiti. Yana nan, a karkace hagu. Dalmar kuwa da ita uwargida take tokare ƙafar tebur.