Mijina da Karatun Teku

Tun kafin a yi maganar teku a gidanmu ina tsoron ruwa. Da ɗan farina ya fara rarrafe, randa ma sai na ɗora mata faifai na danne da dutse. Ban yi boko mai nisa ba, aji uku na tsaya, amma ido na gare ni, kuma abin da na gani ba ya barin raina ya kwanta.

Malam, mijina, yana koyarwa a sakandare a Dutsin-Ma. A shekarun farin nan da gero ya bushe a tsaye, ya samu gurbin karatun digiri na biyu a kudu, kan kula da teku da canjin yanayi. Da muka je Kurfi sanar da Inna, mahaifiyarsa, tana tankaɗe ko kai ba ta ɗaga ba.

“Rijiyar gidan ubanka ta ƙafe, kai kuma za ka je karanto ruwan wasu?”

“Inna, ruwan da ke sauka a gonarmu daga can yake tasowa. Iska ke kawo mana shi.”

“To ka ce mata ta yi sauri.”

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni abin da nake gani kawai shi ne Malam cikin kwalekwale, shi da ko a rafi bai iya iyo ba.

Ya tafi, ya gama, ya dawo ya yi baƙi ya rame. Yakan zauna a tabarma yana yi mini bayani, wai teku na ɗumama, wai damina za ta riƙa rikicewa. Ina jinsa da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen yaro.

Daga baya aka ba shi aiki a can bakin teku, da gida. Ya ce mu tafi tare. Na tambaye shi nisan gidan da ruwa, ya ce ana hangensa ta taga. Sai na fashe da kuka, na ce ya bari in yaye na goye tukuna. Kafin yaye wani cikin ya zo. Inna ma ƙafa ta fara ba ta wahala. Ba wanda ya ce kada a tafi, ba mu dai tafi ba, har aka ba wani mutum aikin.

Ya koma ajinsa da allinsa, bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai littattafansa na teku ya daina buɗe su, bayanin ma ya daina. Yanzu da damina ke zuwa yadda ta ga dama, tambayoyi sun cika mini baki, shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Don Allah, idan naku mijin ya zo muku da karatun da ba ku gane ba, ku zauna ku saurare shi har ya kai ƙarshe.