Tafintan Yaya Ilu

Duk wanda ya san Yaya Ilu Kurma a Dogo-Dogo ya san yadda yake kashe gardama: rufe ido yake yi. Ka yi ta wurga hannu har kafaɗarka ta yi tsami, shi yana zaune abinsa. Sai ya ƙiyasta ka gaji, ya buɗe ido ɗaya ya duba ko ka tafi.

Ni ne ƙanensa, ni ne kuma tafintansa, don na iya maganar hannunsa tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Sai dai ban riƙe amanar aikin ba. Yaya ba ya ɓoye abin da ke ransa, ni kuwa ina jin nauyin mutane, sai in sauya abin da ya ce.

Wata rana a kasuwar Waca wani dillali ya dame mu da yabon jakinsa. Yaya ya buɗe bakin jakin, ya nuna da hannu cewa dabbar ta girmi dillalin, ta kuma fi shi gaskiya. Dillali ya tambaye ni me ya ce. Na ce yana sa masa albarka. Mutumin ya ji daɗi har ya ba shi goro. Yaya ya karɓa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ci.

Da Sani ɗan ƙanwarmu ya tafi aikin gona a Sipaniya, ya kira mu ta waya mai hoto, ya haɗa Yaya da wani Bature kurma abokin aikinsa. Ashe maganar hannunsu daban take da tamu. Yaya ya ce hannun bawan Allah nan yana da gargada, ba a koya masa da kyau ba. Ya dage sai ya gyara masa yadda ake nuna gero, mutumin da bai taɓa ganin gero ba. Amma suka yi ta hira suna dariya har waya ta mutu, babu wanda ya neme ni.

Kuramen garinmu a rumfarsa suke taruwa bayan sallar Juma'a. Su suka aike shi wajen liman, ya roƙa a sa wani ya riƙa nuna musu huɗuba da hannu. Yaya ya durƙusa gaban liman ya ce sun tsufa suna kallon baki yana motsi, ba su san abin da ake faɗa musu ba. Na san ni za a ce in tsaya gaban jama'a, na kuwa ji tsoron dariya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, addu'a suke roƙo."

Liman ya yi addu'a, kowa ya shafa. Yaya bai shafa ba.

Da Yaya ya rasu, ran sadakar ukunsa, abokinsa Haladu, shi ma kurma, ya ja ni gefe. Kurame kowa suna raɗa masa suna da hannu, amma ban taɓa ganin nawa ba. Haladu ya nuna mini: tafi ɗaya a kife kan ɗaya, yadda ake rufe ƙwarya da faifai. Ya ce Yaya ne ya sa mini tun muna samari. Na tambaye shi me ya hana Yaya ya nemi wani tafinta.

Haladu ya ce, "Cewa yake ƙanensa ba mugu ba ne, matsoraci ne. Wata rana zai daina."

Na je na gaya wa liman ainihin saƙon. Ya tambaye ni me ya sa sai yanzu, sannan ya amince. Juma'ar da ta wuce na tsaya a gefen sahu, kurame biyar suna zaune gabana. Sau uku Haladu yana gyara mini.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya jiyar da shi abin da bai ji ba a duniya. Ni kuma Allah ya yafe mini kalmominsa da na rufe.