Goron Maƙwabci

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ba na mantawa da ita ita ce ranar da aka kawo mana wani kare mai jan baki, wani tsoho yana biye da shi yana ta nanata cewa shi ba ruwansa da kare. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan yi mini dariya in na tsare mai dabba da tambayar wa ke zama kusa da ita in ana cin abinci. To, ga inda na samo tambayar.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin man fetur ya kwararo Gabon. Libreville ta koma kamar gidan da ake gyara alhali mutane na ciki. Ko'ina rami, ko'ina tifa, manyan motocin katako suna ta zarya zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo. Turawan kamfanonin mai sun cika gari, kowa da matarsa da karensa. Ni kuwa na zo daga Katsina da ɗan ilimina na yi wa shanu allura, na tarar babu shanun, sai na samu aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a matsayin mataimakin likita. Aikin mataimaki shi ne riƙe dabba, auna zafin jiki, wanke kayan aiki, ba da abinci da magani, in cizo ya zo kuma shi ne na farkon sha. Likitanmu ɗan ƙasar ne, Dokta Ondo, mutum mai sanyin magana. 'Yan'uwana masu shaguna sun sa mini suna Sabo Wanzamin Karnuka, in na miƙa hannu a gaisa sai wani ya tambaya ko na wanke. Wannan bai hana su aiko ni in duba musu rago ba in layya ta matso.

Karen sunansa Gaston, irin manyan nan masu tsayayyun kunnuwa da 'yan sanda ke riƙewa. Na wata Bafaranshiya ne da muke kira Madam, mijinta injiniya ne, ya fi zama wurin aikinsa a garin Port-Gentil fiye da gida. Tsohon kuma shi ne Baba Ilu, gardin gidan, wato maigadi, mutumin Maradi, dogo siriri, haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Na san shi tun kafin ranar, don shi ke jan mu salla in limaminmu na PK8, unguwar da Hausawa ke zama, ba ya nan. Cikin aikinsa har da fita da kare yawo bakin teku da yamma, kuma kowa ya san yadda yake yi: ya ɗaura igiyar a bakin sanda, ya riƙe sandar nesa da rigarsa, fuska a murtuke.

Madam ta yi wa Dokta bayani. Watanni ke nan Gaston ya canza. In an fita da shi sai haki, sai kyarma, ko takarda ce iska ta kaɗa sai ya zabura. Ba ya barcin kirki, yana barin abincinsa. Jiya kuma wata motar katako ta danna ƙaho kusa da su, ya fizge sandar, ya cafki ƙafar wani mai wucewa. Ciwon ba mai yawa ba ne, an kai mutumin asibiti. Amma da ta duba bakin karen ta ga haƙoransa jawur, ga yawu yana zuba.

Bari in bayyana ƙa'idar don waɗanda ba su sani ba. Karen da ya ciji mutum, ko an yi masa rigakafin hauka, ba a kashe shi nan take. Ana tsare shi mako biyu ana dubawa, in haukan kare ne zai bayyana kafin lokacin ya cika. In ya fita lafiya, mai shi ke da zaɓi: ya ɗauki abinsa, ko ya sa hannu a yi masa allurar barcin da ba a tashi. Madam tana da tsohon ciki. Ta ce ko hauka ne ko ba hauka ba, ba za ta kawo jariri gidan da kare ke cizo ba, ranar da wa'adi ya cika za ta sa hannu. Tana faɗa tana hawaye, ban ga laifinta ba.

Na fassara wa Baba Ilu. Ya kalli rufin ɗakin ya ce, "Mi ya shafe ni? Ni gardi ne." Amma na lura sai da ya nemi bango ya dafa kafin ya fita.

Washegari bayan la'asar sai ga shi. Ya ce ya zo gaishe ni ne. Tun da nake da shi bai taɓa zuwa gaishe ni ba, ni ne ƙarami. Na ba shi kujera a gaban ofis, ya ce can baya ya fi iska, can bayan kuwa nan kejin Gaston yake. Na bar shi na koma aikina. Haka ya yi ta zuwa kullum, gaisuwar tamu ba ta wuce "ina gajiya" sai ya zagaya shan iska.

Da aka kwana biyu Dokta ya ga karen yana shan ruwa lafiya, yana gane mutane, sai ya ce mu sa shi barci mu duba bakin. Na riƙe muƙamuƙin, shi kuma ya sa ƙarfen kankare haƙora. Dasashin ya ɗan kumbura, datti ya daskare a gindin haƙora, amma jan nan ba jini ba ne. Yana kankarewa yana fita kamar tsatsa.

"Wannan launi daga abinci yake," in ji shi. "Sabo, me karen nan ke ci?"

Na lissafa abin da Madam ta faɗa: shinkafa, dafaffen nama, da abincin gwangwani da ake kawo mata daga Faransa. Babu ja a ciki. Dokta ya wanke hannu, sannan ya ce akwai abin da ya lura da shi. Da safe karen lafiya lau yake kwance. Da yamma kuma zuciyarsa sai ta riƙa bugawa kamar ya yi tsere, yana zagaye keji. Ya ce, "Me ke faruwa tsakanin safe da yamma, ban da zuwan baƙonka? Ba zarginsa nake ba. Ka dai duba mini."

Ranar na bar tagar ɗakin magani a buɗe, na tsaya ina goge kwalabe. Baba Ilu ya zauna a ƙasa gefen keji, ya waiga hagu da dama. Ya zaro ƙullin ganye daga aljihu, ya kwance, ga jan goro. Ya fito da magogi, irin na tsofaffin da haƙori ya ƙare musu, murfin gwangwanin kifi ne da aka huhhuda da ƙusa. Ya goga goron a tafin hannu, ya raba garin biyu da ɗan yatsa. Ya watsa rabi a bakinsa. Ɗaya rabin ya barbaɗa a kan gutsuren burodi da ya jiƙa da madarar gwangwani mai zaƙi, ya soka a tsinke ya miƙa ta tsakanin ƙarafa.

"Ga naka, Maƙwabci," ya ce. "Yi haƙuri da gidan mutane."

Karen ya karɓa a hankali, yana kaɗa wutsiya. Suka zauna suna tauna tare, baki ja, baki ja. Dariya ta zo mini har wuya, sai kuma na ji tausayi ya danne ta. Na zagaya na yi sallama. Ya yi sauri ya tura magogin ƙarƙashin cinya.

Na durƙusa na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya kalli karen. Sannan ya ce tun bara. Rumfarsa ta gadi tana jingine da ɗakin karen. Unguwar duka ba mai zama hira da shi da harshensa sai ya shiga taksi ya tafi PK8, ga aiki ba ya barinsa. In ya zauna ya fito da goro, sai karen ya zo ya kwanta gabansa ya zuba masa ido. "Shina kallona, Sabo. Kai ka taɓa fasa goro, wani na zaune gabanka, ka hana shi? Bango guda ya raba mu. Maƙwabcina ne. Da fari ya ƙi, ɗaci. Shi ne na sa mishi madara."

Na gaya wa Dokta. Ya zauna a kujera ya rufe fuska da hannu yana dariya, sannan ya kira Baba Ilu, ya ba shi wurin zama, ya yi masa bayani ni ina fassarawa. Abin da ke cikin goro mai kore wa mutum barci, jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri. Yana sa zuciya gudu, yana sa kyarma da firgita, in ya yi yawa yana kisa. Karen da ke cikin wannan hali, a fitar da shi titin da tifa ke ruri, dole ya zabura. Madara mai sukari da burodi kuma su suka taimaka wa dattin haƙora.

Baba Ilu ya ce, "Ashe ni na cuce shi."

Dokta ya ce a daina kawai, zai warware. Amma akwai sauran magana. Madam ba za ta fasa sa hannu ba sai ta san dalilin cizon, kuma ta yarda dalilin ya wuce. Shi zai iya gaya mata, sai dai za ta fi yarda in ta ji daga bakin mai yi. Na san abin da wannan ke nufi ga tsohon. Mai dafa abincin gidan ɗan Garwa ne mai yawan shiga PK8, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin Juma'a duk PK8 za su ji cewa mai jan su salla yana raba goro da kare.

A hanyar fita na ce masa, "Baba, in kana so Dokta ya faɗa ba tare da sunanka ba."

Ya ce, "A'a. Wa za a ce ya ba shi, aljani?"

Ranar da wa'adi ya cika, Gaston ya yi kwanaki ba goro, yana cin abincinsa tas, yana barci har da minshari. Madam ta zo da mai dafa abincin yana riƙe mata jaka. Baba Ilu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ya ajiye magogin a kan teburin Dokta, ya faɗi komai, bai rage ba. Fuskar Madam ta yi ja, ta ce guba ya yi ta ba karenta shekara guda, me ya sa? Na juya masa tambayar. Ya ce, "Gaya mata maƙwabcina ne." Na faɗa mata da Faransanci, na ƙara da cewa a wurinmu wanda kuka haɗa bango yana da haƙƙi a kan abin da kake ci in ya gani.

Ta kalli murfin gwangwanin nan. Can ta ce, shekara biyu tana gidan, babu maƙwabcin da ya taɓa miƙo mata ko kofin ruwa. Ta tambayi Dokta ko ya tabbata karen zai dawo daidai. Ya ce yana kyautata zato sosai, in an bi sharuɗɗa, kuma a kawo shi duk wata ya gani. Ta mayar da alƙalaminta jaka.

Sharuɗɗan ni na koya wa Baba Ilu su. Abinci sau biyu a rana, a kwanonsa, babu zaƙi, babu albasa, babu dafaffen ƙashin kaza. In ana son ba shi abin marmari, a ba shi ɗanyen karas, yana taimaka wa haƙori. A goge masa haƙora da buroshi mai laushi, Dokta ya ba da safar hannu ta roba don tsohon ya samu natsuwa. Yawo kuma a koma da safe kafin manyan motoci su fito, ta layin da ba hayaniya. A ajiye sandar nan, a riƙe igiya a hannu, a sassauta ta. In mota ta taho a tsaya, a yi masa magana a hankali har ta wuce, kar a fizge shi. Ya ce maganar ba wuya, dama sun saba hira.

Labari kuwa ya kai PK8 tun kafin Juma'a, kamar yadda na zata. An yi masa tsiya son rai, har wani ya tambaye shi ko zai kai wa Maƙwabci goron salla. Ya ce duk wanda ya taɓa zuwa rumfarsa ya taya shi zama, shi ya fara dariya. Ba su daina ba, amma ba wanda ya ƙi bin sa salla.

Bayan Madam ta haihu, Dokta ya aike ni gidan in duba karen. Na tsaya a hanya na sayi goro manya guda biyu, don ba a zuwa wurin dattijo hannu sake. Na same su a bakin rumfa, Gaston kwance, tifa ta wuce bai ko ɗaga kai ba. Na duba bakinsa, haƙora farare fat. Na durƙusa na miƙa wa Baba Ilu goronsa.

Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya sa albarka. Sannan ya mayar mini.

"Na bari, ɗana."

Mutumin da tun yana saurayi bai wuni ba goro ba. Na ce ai shi Dokta bai hana shi ba, kare aka hana. In ya ga dama ya zagaya bayan gida ya ci abinsa.

Ya ce, "In ɓoye mishi? Shina jin ƙamshi. Sati guda kaina ya yi kamar ya tsage, ya wuce." Ya zaro magogin nan, ya ɗauko karas daga aljihu, ya karya biyu. Ya miƙa wa karen rabi da hannunsa, ba tsinke, ya hau goga nasa rabin.

Na yi shekaru da yawa bayan nan a aikin, kuma abin da na gani shi ne, dabbobin da ake kawo mana ba mugunta ce ta fi kwantar da su ba, ƙauna ce da ba a gaya mata iyaka ba. Don haka in kun gano mai laifi, kada ku kunyata shi, galibi shi ne wanda zai fi kowa bin sharuɗɗanku. Ku nuna masa abin da zai miƙa a madadin abin da kuka hana. Ni dai ranar na koma asibiti da gorona a aljihu, kuma sai da na yi nisa da gidan sannan na iya fasa shi.