Amanar Baturke a Gidan Inna Sa'adatu

Inna Sa'adatu kakar mamata ce, tana goye aka taho da ita Makka a ƙafa ta Sudan, ta girma a unguwar Hindawiyya. Aikinta lokacin haji raba wa alhazai ɗaki, ya'ani wa zai kwana da wa, mai minshari ta haɗa shi da kurma, masu gardama ta sa bango tsakaninsu, ba ta taɓa kuskure ba.

To a hajin 1948 wani tsohon Baturke ya sauka gidanta, da zai tafi ya miƙa mata wata saiwa kamar rogo, wai sunanta fawaniya, furen gidan uwarsa ce, ta galabaita ba za ta jure jirgin ruwa ba, amana ce baɗi zai dawo ya karɓa. Tana son inuwa, tana son sanyi, kuma ba ta zama ita kaɗai. Sanyi fa! A Makka!

Inna ta binne ta a lungun tsakar gida inda rana ba ta sauka, ta kewaye ta da tuluna. Mijinta Baba Rabe ɗan ga-ruwa ne, kullum zuwan farko na fure ne, mutanen gida su jira. Daga nan ta fara zaɓa mata abokan zama, kuma wallahi da gaske take, sai ta ajiye iri a gabanta ta ƙare masa kallo. Barkono ta ce zafin rai gare shi. Kuɓewa ƙaiƙayi. Na'ana'a ta ce irin baƙon nan ne da za ka ba shi tabarma ya kira danginsa. Ɗaɗɗoya ta shiga saboda ladabi, lalle ya shiga, yakuwa aka ba ta gwajin wata ɗaya.

Kawai wata safiya ga tumfafiya ta tsiro jikin fawaniya, ko sallama babu. Inna ta kai hannu Baba Rabe ya yi ihu, "Ke Sa'a! A Harami kike fa!" Don a ƙasar Harami abin da ya tsiro da kansa ba a cire shi. Ta yafa mayafi sai wurin limamin unguwa Malam Awwalu.

"Allah gafarta Malam, in na taka ta bisa kuskure fa?"

"Kuskuren da kika zo kina sanar da ni tun ba ki yi ba, Hajiya?"

"To in akuya ta ci?"

"Akuya ba ta da laifi."

Halas, shi ke nan, ta aro akuyar maƙwabta ta saka. Akuya ta cinye ɗaɗɗoya, ta cinye lalle, ta cinye yakuwa da saura kwana uku ta gama gwaji, ta yagi rabin fawaniya, ta zo kan tumfafiya ta shinshina ta yi atishawa ta wuce!

Inna ta hana tumfafiya ruwa ta ƙara tsawo. Ta roƙe ta da girman Allah ta matsa, ta yi rassa. Baturke bai zo baɗi ba, bai zo baɗin baɗaɗa ba, ita kuwa kullum da azahar tana tsugune da mafici tana yi wa fawaniya fifita kar amana ta mutu a hannunta, ko biki ba ta zuwa.

Shekara ta uku sai ga shi da sanda. Ganye biyu suka rage wa fawaniya, biyu rak, amma kore shar. Ya durƙusa ya yi kuka ya ce ma sha Allah ta saba da nan, ki riƙe, baɗi.

"Baɗin wa, ya Hajji?"

Ya fita yana ta godiya. Inna ta tono fawaniya da ƙasarta ta zuba a gwangwani, ta bi shi a guje har motar Jidda, ta ɗora masa a cinya ta kira direba da mutum biyu su shaida ta mayar, da rai.

Washegari da azahar ta fito da maficinta ta tsaya, babu abin fifitawa. Mama ta ce tumfafiyar ta yi wa, tana yi tana zaginta.